Wanda Ke Tuƙa Injin Yaya Kanae

Masu tambayata a sharhi ko lafiya na yi shiru kwana goma, jikina dai ƙalau yake. Abin da ya hana ni rubutu shi ne na rasa ta inda zan fara ba tare da kun ce Chinami ta fara taɓuwa ba. Yau na yanke shawarar in faɗa muku yadda ya faru, kowa ya ɗauka yadda ya ga dama.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni: shekarata ashirin da shida, a Otsu nake, gidanmu yana bayan shagon Baba inda muke sayar da kifin tafki da ake ajiyewa cikin gishiri da shinkafa. Mu biyu aka haifa, ni da Yaya Kanae. Tun muna sakandare muke tseren kwale-kwale a kogin Seta, idan sanyi ya shigo iska ta hana mu ruwa sai mu koma kan inji. Kujera ce mai zamewa gaba da baya, da mariƙi ɗaure da sarƙa, da fanka a gaba, sai ɗan allo mai ƙirga mita da lokaci. Mita dubu biyu ake yi a gasa. Yaya Kanae tana gama su a minti bakwai da sakan takwas. Ni ban taɓa sauka ƙasa da bakwai da ashirin da huɗu ba, kuma ba ta taɓa bari na manta da hakan ba.

Shekara biyu ke nan, a gasar watan Janairu, ta faɗo daga kan inji kafin ta kai ƙarshe, ba ta sake tashi ba. Inji uku ne tsakanina da ita. Likitoci suka ce zuciyarta ce, wani lahani da aka haife ta da shi ba wanda ya sani. Ni ma aka yi mini gwaji iri-iri, aka ce tawa lafiya lau. Duk da haka na bar tuƙi. Na kama aiki a wurin karɓar baƙi na wani likitan haƙori a Kusatsu, na ƙara kilo tara, Baba kuma ya lulluɓe injinta da tamfol a ɗakin ajiyar da ke bayan gida, tsakanin gangunan kifi.

A watan Oktoba aka aike ni ɗauko murfin ganga, na tsinci kaina ina yaye tamfol ɗin. Na zauna da kayan aikina a jiki na ja mita dubu biyu. Minti takwas da sakan shida. Na yi amai a bokiti, na kwanta a siminti ina dariya ina kuka. Washegari na buga wa tsohon kocinmu waya, ya ce in har na sauka ƙasa da bakwai da ashirin a gasar bana zai sa ni cikin masu gwajin shiga kwale-kwalen bazara.

Tun daga nan ƙarfe biyar da rabi na safe ina ɗakin ajiya. Litinin, Laraba da Juma'a tuƙi ne mai tsawo, awa guda a hankali, ja goma sha takwas a minti, har ƙugu ya mutu. Talata mita ɗari biyar sau takwas da dukkan ƙarfi. Asabar nakan yi tsere da Yaya Kanae. Allon yana ajiye duk tuƙin da aka yi a kansa, kuma idan ka zaɓi wani tsoho sai ya fito maka da ƙananan kwale-kwale biyu, naka da na wancan tuƙin, ku yi tsere. Nata na ƙarshe yana ciki, na kwana huɗu kafin gasar. Duk Asabar sai ta tsere mini ta ɓace daga allon tun kafin mu kai rabi.

Mama ba ta ce komai ba sai da tafin hannuna ya fashe. Muna zaune ƙafafu cikin bargon teburin nan mai na'urar ɗumi a ƙarƙashi, tana ɓare lemo, ta ga na kasa riƙe kofin shayi.

"Nuna mini hannun."

"Ba komai ba ne, Mama, kanta ce ke fitowa."

"Na san kantar hannu. Shekara goma ina shafa mata magani a hannun wata." Ta kalli hoton Yaya Kanae da ke cikin ɗan akwatin tunawa a kusurwar ɗaki, inda take ajiye mata shinkafa da turare kowace safiya. "Ɗaya ta rage mini, Chinami."

"Likita ya ce zuciyata lafiya."

"Ita ma ai ba wanda ya ce mata ba ta da lafiya."

Baba ya ƙara sautin talabijin. Shi haka yake shiga magana.

Kwana uku bayan nan Gwaggo Fumie, ƙanwar Baba, ta zo daga Hikone da hoton wani saurayi a cikin farar ambulan. Ta ce sunansa Nakagiri, shekara talatin, yana zanen gadoji a wani kamfanin gine-gine, ba ya shan taba, uwarsa mutuniyar kirki ce.

"Ki je ku sha shayi kawai," in ji Gwaggo. "Ba cewa aka yi ki ɗauki akwatinki ba. Kuma don Allah ki sa riga mai dogon hannu, waɗannan damatsan naki na masu dakon buhu kada su kori ɗan mutane."

Na je ne don Mama ta samu barci. Na sa doguwar riga ruwan toka mai maɓalli har wuya, da farar suwaita a sama, da 'yan kunnen lu'ulu'un Mama. Na shirya in yi zaman minti arba'in in ce na gode.

Awa uku muka yi. Dogo ne, mai faɗin kafaɗa, yana magana a hankali kamar mai tsoron tada wani daga barci. Da na ce masa ina shirin gasar tuƙin inji, na zuba ido in ga irin fuskar da kowa ke yi.

"Ni ban san komai a kan tuƙi ba, Chinami-san," ya ce, yana juya cokali a kofi. "Amma ki ba ni labari."

Na ba shi. Bai ce in bari ba. Daga ranar kullum ƙarfe bakwai saura kwata, daidai lokacin da nake sauka daga inji, sai wayata ta yi ƙara.

"Yau nawa?"

"Bakwai da arba'in da ɗaya."

"Kin ci wani abu?"

"Ayaba."

"Ayaba ba abinci ba ce. Ki ci shinkafa da ƙwai."

Ku yi mini dariya, na yarda. Ni da na je don in kore shi, na koma duba waya tun ƙafafuna suna cikin maɗaurin inji. A ƙarshen Disamba na kai bakwai da ashirin da tara, kilo shida sun tafi, kuma na fara zaɓen rigar da zan sa idan za mu haɗu.

To, ga inda abin ya fara.

Ranar Larabar farko ta Janairu na buɗe jerin tuƙin da allo ya ajiye don in kwafi lokutan jiya a littafina. A saman nawa akwai wani. Talata, ƙarfe biyu da minti goma na rana. Mita dubu biyu, bakwai da sakan takwas.

A wannan lokacin ina Kusatsu ina amsa wayar masu ciwon haƙori. Na shiga cikin bayanin. Yaya Kanae tana da wata ɗabi'a da koci ya gaji da yi mata faɗa a kai: takan fita da gudu fiye da kima, ta lafa a ɗari biyar na uku, sannan ta dawo da ƙarfi. Haka wannan tuƙin yake, kashi huɗun nan duka, ko sakan ɗaya bai bambanta da nata ba.

Na zauna ina kallon numfashina yana fita fari cikin sanyi. Gangunan kifi suna jere a bayana, kowace da dutse a kan murfinta. Ban taɓa jin ɗakin ya yi mini shiru irin na ranar ba. Na ce a raina injin ya tsufa ne, ya kwafo tsohon tuƙi ya manna masa sabuwar rana. Na yi awata guda na fita, amma ban juya wa ƙofa baya ba ko sau ɗaya.

Ranar Juma'a na tarar da na biyu. Alhamis, ƙarfe biyu da minti biyar, bakwai da takwas. Wannan karon an matsar da maɗaurin ƙafa daga rami na uku, inda nake barinsa, kuma an goge mariƙin tas.

Makullin ɗakin biyu ne, ɗaya a jakata, ɗaya a wurin Mama. Na same ta a kicin tana yanka awarar da za ta sa a miya.

"Mama, wa ke shiga ɗakin ajiya da rana?"

"Babanki, idan zai duba ganguna."

"Baba ba zai iya jan inji ba, gwiwarsa ko tsugunno ba ta yi."

"To me kike so in ce miki?" Ba ta ɗago ba. Wuƙar ce kawai ta tsaya, sannan ta ci gaba.

Ranar Lahadi Mama da Baba suka tafi Hikone gaisuwar sabuwar shekara tun da safe, ni kuma Nakagiri ya zo ya ɗauke ni ƙarfe tara muka tafi Kyoto. Dusar ƙanƙara tana sauka kaɗan-kaɗan. A matakalar wani wurin ibada ƙafata ta zame, ya riƙo ni. Ya cire safar hannunsa a lokacin don yana neman tikitinmu, ni ma tawa tana aljihu. Karo na farko ke nan da tafinsa ya taɓa nawa.

Kanta huɗu a gindin yatsu, masu tauri kamar tsakuwa, ɗaya kuma sabuwa ce, ba ta gama warkewa ba. Alƙalamin zane ba ya yin wannan. Na san abin da ke yin sa, don irinsa ne a hannuna.

Na mayar da hannuna aljihu. Na ci taliyar da ya saya mini, na yi dariya inda ya kamata, ya mayar da ni gida ƙarfe biyar. Washegari da safe na buɗe allo na tarar da na uku. Lahadi, sha ɗaya da minti arba'in da biyu na safe. Wannan bai kai dubu biyu ba. A mita dubu ɗaya da ɗari biyar da arba'in ya tsaya.

A nan Yaya Kanae ta faɗi ranar gasar. Na sani domin ni na ɗago kai na ga lambar a allonta lokacin da ake danna mata ƙirji.

Ban yi tuƙi ba ranar. Na tura masa saƙo: "Ina son ganinka yau. Gadar Seta, ƙarfe huɗu da rabi."

Ya riga ni zuwa, yana tsaye da baƙar kwat, hannu cikin aljihu. A ƙarƙashinmu kogin ba kowa, sai agwagin ruwa.

"Fito da hannunka," na ce.

Ya dube ni ya daɗe, sannan ya fito da shi ya buɗe.

"Ka ce ba ka san komai a kan tuƙi ba."

"Ƙarya na yi miki. Shekara huɗu na yi ina tuƙa wa jami'armu."

"Ka san Yayata."

"Na san ta." Ya kalli kogin. "Mun yi niyyar gaya wa gida bayan gasar. Ita ta ce a bari sai ta ci, don Babanku ya fi sauƙin kai idan yana murna."

Na riƙe ƙarfen gadar, sanyinsa ya ratsa kantar hannuna. Shekara uku, in ji shi, suna tare. Ni da muke kwana ɗaki ɗaya ban sani ba. Ranar jana'iza ya tsaya a baya cikin 'yan ƙungiya, Mama ce kawai ta lura da irin kukan da yake yi, ta bi shi har waje. Tun daga nan duk wata yakan kira ta su gaisa.

"Wato Gwaggo da ambulan ɗinta duk wasan kwaikwayo ne."

"Gwaggonki ba ta sani ba. Mahaifiyarki ce ta roƙe ni. Ta ce ba kya jin maganar kowa, ko za ki ji ta wanda ba ɗan gida ba. Ta ce in hana ki gasar."

"Amma kai kullum sai ka tambaye ni yau nawa."

"Na zo da niyyar hana ki. Da kika fara maganar tuƙi na ga fuskarki, na kasa."

"Fuskata ka gani ko tata?"

Ya mayar da hannunsa aljihu.

"A ranar farko tata na gani," ya ce. "Ba zan sake yi miki ƙarya ba. Yanzu ban san yadda zan raba muku ba, Chinami-san, amma ke nake jira ƙarfe bakwai saura kwata."

Na kawar da kai. Ina son in mare shi, ina kuma son in sa goshina a kwat ɗin nan. Ban yi ko ɗaya ba.

"Injin fa?"

"Ni ne. Mahaifiyarki ta ba ni makulli, ta ce in goge tuƙin Kanae daga allon don ki daina bin ta. Na je ranar Talata lokacin hutun rana. Na kai yatsana kan maɓallin, na kasa dannawa. Sai na zaɓi tuƙinta na zauna na ja kusa da ita, ban wuce ta ba, ban bari ta wuce ni ba. Haka muke yi da. Ranar Alhamis na koma da niyyar wannan karon zan goge, na sake yin abin da na yi."

Sai na ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina, har na kusa yin dariya. Mutum ne ashe, mai jini da kanta a tafin hannu.

"Amma na Lahadi bai kamata ba," na ce. "Tsayawa a daidai inda ta faɗi mugunta ce."

"Wane na Lahadi?"

"Sha ɗaya da arba'in da biyu."

"Sau biyu na shiga ɗakin nan. Ranar Juma'a na mayar wa mahaifiyarki makullinta." Ya matso kusa. "Lahadi sha ɗaya da arba'in muna cikin jirgin ƙasa ni da ke, kina nuna mini yadda ake riƙe filafilin kwale-kwale da laimata."

Na sani. Tun da na ga lambar na sani, so nake kawai wani ya ƙaryata ni.

Ya raka ni har bakin layinmu. Ya ce kada in koma ɗakin ajiyar ni kaɗai, akwai inji a gidan motsa jiki kusa da ofishinsu, zai riƙa zuwa yana ɗaukata. Na ce zan yi tunani. A gida na tarar da Mama tana goge hoton Yaya Kanae da ɗan ƙyalle.

"Na haɗu da Nakagiri-san. Ya gaya mini komai."

Ta ajiye hoton a hankali. "Ba zan ba ki haƙuri ba. Ko me zan yi don kada in sake tsayawa a zauren gasar nan ina kallo, zan yi."

"Makullinki yana ina ranar Lahadi?"

"A jakata, a Hikone. Me ya faru?"

"Ba komai."

Kwana biyu ban taɓa injin ba, ga gasa saura kwana goma sha ɗaya. Nakagiri ya turo saƙo sau shida, ban amsa ba. Ranar Alhamis na farka kafin agogo ya buga, na ga ba zan iya ci gaba da zagaye ɗakin ajiyar gidanmu kamar baƙuwa ba. Na sa wandon tuƙi da tsohuwar rigar ƙungiyarmu, na ɗaure gashi, na taka ƙanƙarar tsakar gida na buɗe ƙofar.

Na yi ɗumin jiki minti goma sha biyar. Sannan na buɗe jerin, na wuce tuƙinta na shekara biyu da suka wuce, na zaɓi na Lahadi. Ba don jarumta ba ne. Lissafi na yi: tuƙin ya ƙare a dubu ɗaya da ɗari biyar da arba'in, to a nan kwale-kwalenta zai tsaya cak a allo, ni kuma in wuce shi in ƙarasa. Ina bukatar in ga na wuce wurin nan da raina kafin ranar gasa.

Ta fita da gudu kamar kullum. Na ƙi binta, na riƙe ja talatin a minti, ina ƙirga goma-goma. A mita ɗari biyar ta ba ni tsawon kwale-kwale biyu. A dubu ɗaya cinyoyina sun fara wuta, amma ba ta ɓace mini ba, karo na farko ke nan. A kashi na uku ta lafa, na fara cin tazarar kaɗan-kaɗan. Dubu ɗaya da ɗari huɗu. Bakina ɗanɗanon ƙarfe. Dubu ɗaya da ɗari biyar, hancin nawa ya kusa kai wutsiyar nata. Da ashirin. Da talatin. Da arba'in.

Nata bai tsaya ba.

Ya rage gudu dai, har na kamo shi, sannan ya daidaita da nawa, kai da kai. Na ƙara ƙarfi, ya ƙara. Da numfashina ya fara yankewa a saura ɗari biyu na sassauta, shi ma ya sassauta, kamar mai jira. Ban san lokacin da na ce "Yaya, mu je" ba. Muka ja ashirin ɗin ƙarshe tare, muka tsallake layi a sakan ɗaya.

Bakwai da sha tara.

Na saki mariƙin, na kife a kan gwiwoyina, fankar tana raguwa har ta yi shiru. Da idona ya washe na ga haske ya shigo ta ƙofa. Mama ce tsaye da silifas cikin ƙanƙara, rigar girki a jikinta, ban san tun yaushe take wurin ba. Ba kuka take yi ba. Fuskarta a sake take, irin yadda rabon da in gan ta tun shekara biyu. Kuma ba ni take kallo ba, gefen hagun injin take kallo, inda babu komai sai bango da ganga.

"Ya isa haka," ta ce a hankali. "Ku shigo ku karya, shinkafa tana hucewa."

Ta juya ta tafi. Na bi sawunta a ƙanƙarar har kicin. Baba yana zaune a wurinsa, jarida a ninke a gabansa bai buɗe ba, ya zuba wa teburin ido. Kwano huɗu Mama ta jera, kowanne yana tururi.